Idan Inshorar Lafiya Ta Ƙi Biyan Kuɗin Tiyata

Ranar sallama ce ranar da rigimar inshora ta fi tashi a asibiti. An yi aiki lafiya, mara lafiya ya fara takawa, mai jinya ya naɗe tabarma ya haɗa kwanuka, sai a ce masa ya biya ta ofishin kuɗi tukuna, a can ne kuma zai ji cewa kamfanin inshora bai amince da biyan kuɗin tiyatar ba. Na daɗe ina zama a teburin masu inshora na wani asibiti, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya ji wannan magana da baki, hankalinsa ya tashi, ya kama neman bashi ko mai sayen kadararsa tun bai tambayi dalili ba.

Akwai wani malamin makaranta, ma'aikacin gwamnatin tarayya, wanda naƙuda ta tsananta wa matarsa da tsakar dare, bai tsaya neman asibitin da ya zaɓa a katinsa ba, ya kawo ta wurinmu domin mu ne mafi kusa. Likita ya duba ya ce sai an yi mata aiki nan take, aka yi, uwa da jariri suka fito lafiya. A rana ta biyar ya iso teburina da waya a kunne, yana ciniki da dillali a kan babur ɗinsa. Na ce masa, "Malam, kafin ka rabu da abin hawanka, wa ya ce maka sun ƙi biya, kuma a wace takarda aka rubuta?" Ya ce, "Wallahi Sista, akawu ne ya faɗa mini da baki, ya ce babu kod." Da muka buɗe fayil ɗin matar, sai muka tarar kamfanin bai ma san an yi aikin ba, domin waɗanda suka yi aikin dare ba su nemi kod ɗin ba, wato lambar izinin yin aiki da kamfanin inshora yake bayarwa, na safe kuma suka ɗauka an riga an nema. Sakacin namu ne. Likita ya rubuta rahoto cewa aikin na gaggawa ne, muka aika tare da takardar neman biya, aka sallami matar a ranar, bayan 'yan makonni kamfanin ya biya asibiti.

Domin a gane inda irin wannan tangarɗa take fitowa, sai an san yadda kuɗin yake tafiya. Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a Najeriya a 2005 da sunan NHIS, sannan a watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. A tsarin ma'aikata, tsakanin mai kati da asibiti akwai kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda su ne ke riƙe da lissafi suna biyan asibitoci. Ƙananan larurori irin su zazzaɓi, awon ciki da ganin likita, ana biyan asibitin da mutum ya zaɓa kuɗinsu a dunƙule bisa yawan mutanen da ke rajista a wurinsa, ko sun zo ko ba su zo ba. Tiyata kuwa tana mataki na biyu, inda ake biyan kowane aiki daban bayan an yi shi, kuma sharaɗinsa shi ne asibitin farko ya rubuta takardar turawa, kamfanin ya ba da lambar izini, wadda ma'aikata ke kira kod. Saboda haka asibiti ne yake bin kamfani kuɗin tiyata, kuma idan takardun da ke tsakaninsu suka samu naƙasu, bai dace a juyo kan mara lafiya a ce shi zai cike giɓin ba.

Jinkirin fitowar wannan lamba ya daɗe yana wahalar da mutane, har ta kai hukumar NHIA ta fitar da umarnin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2025, cewa kamfani ya ba da lambar cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema, idan kuma yana da hujjar hanawa ya bayyana ta cikin wannan awa. Idan lokacin ya wuce babu amsa, asibiti ya ci gaba da aikinsa ya sanar da hukumar. A larurar gaggawa ba a jiran lamba kafin a fara magani, ana neman ta ne cikin awa 48 bayan an fara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Wanda aka yi wa aikin afendis da ya fashe, ko haihuwar da ta gagara, ko raunin haɗarin mota, idan aka ce masa an ƙi biya saboda ba a nemi izini kafin aiki ba, yana da hujja mai ƙarfi a hannunsa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowane ƙin biya ne zalunci ba, kuma zan cuci mai karatu idan na ɓoye masa wannan. Akwai ayyukan da tsarin bai ɗauke su ba tun asali, kamar tiyatar gyaran jiki don kwalliya da dashen ƙoda, akwai kuma waɗanda ake raba kuɗinsu tsakanin kamfani da mara lafiya, kamar wasu manyan hotunan ciki da na ƙwaƙwalwa. Gadon da inshora take biya na babban ɗaki ne, wanda ya zaɓi ɗakin aminiti, wato keɓaɓɓen ɗaki na musamman, shi zai cika bambancin. Ma'aikaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa, kuma idan ya dage sai wani magani mai tsada da ba ya cikin jerin da aka amince da shi, nauyin ya koma kansa. Haka nan wanda ke da gwaiwa ko ƙarin mahaifa, larurar da za ta iya jiran 'yan kwanaki, ya tsallake asibitinsa ya tafi wurin wani likita da aka yaba masa ba tare da takardar turawa ba, da wuya ya ga kuɗinsa. Masu inshorar kamfanoni masu zaman kansu kuma su duba yarjejeniyarsu, domin galibi akwai iyakar kuɗin da ake kashe wa mutum a shekara da wa'adin jira kafin a fara biyan tiyata.

Wanda ya fi cin mutanenmu shi ne batun sunaye. Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A gidajenmu da ake da mata biyu ko uku da yara fiye da goma, sau da yawa maigida yana ɗauka cewa tunda ana cire masa kuɗi ko an ba shi kati, kowa ya shiga, sai ranar da amarya ko ɗa na biyar ya kwanta a gane babu sunansa. Akwai hanyar ƙara iyali ta biyan wani kuɗi daban, amma ana yin ta ne tun ana lafiya. Abin da nake roƙon jama'a su guje masa shi ne kawo amarya da katin uwargida, ko ƙane da katin wa. Ban da kasancewarsa ha'inci da zai iya jawo a soke katin gaba ɗaya, yana da haɗari ga rai, domin fayil ɗin yana ɗauke da rukunin jinin wani da tarihin cutar wani, likitan da zai sa maganin barci kuma da abin da ke rubuce yake aiki.

To, idan an riga an yi aikin kuma aka ce an ƙi biya, abu na farko shi ne a nemi dalilin a rubuce. A je teburin inshora na asibitin, a tambaya cikin natsuwa ko an nemi lambar izini, ranar da aka nema, da amsar da kamfani ya bayar, a kuma roƙi kwafinta ko da saƙon waya ne. Wannan tambaya kaɗai tana warware matsaloli da yawa, domin wani lokaci harafi ɗaya ne ya bambanta a suna, an rubuta Hauwa'u a kati an rubuta Hauwa a fayil, ko an yi kuskure a lambar rajista, ko sunan cutar da aka aika bai dace da sunan aikin da aka yi ba. Daga nan sai mai katin ya kira kamfaninsa da kansa, ya rubuta ranar da ya kira da sunan wanda ya amsa da abin da aka ce masa. Na sha ganin asibiti ya ce kamfani ne ya hana, kamfani ya ce ba a taɓa tuntuɓarsa ba, kuma ba a gane mai gaskiya sai an haɗa kwanan wata da kwanan wata.

Takardun da za a tara su ne kwafin kati, takardar turawa, sakamakon gwaje-gwaje da hotuna, takardar sallama, cikakken lissafin kuɗi da ya nuna farashin kowane abu daban, da rahoton likitan da ya yi aikin. Rahoton nan shi ne ƙashin bayan ƙorafi, don haka a roƙi likita ya bayyana halin da mara lafiya ya zo a ciki, da lokacin, da abin da zai faru da an jinkirta. Neman waɗannan ba rashin kunya ba ne. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tabbatar wa mara lafiya haƙƙin sanin abin da aka yi masa, da ganin lissafin kuɗi a fili, da kai ƙara idan bai gamsu ba. Amma kada a nemi likita ya sauya kwanan wata ko ya kira aikin da aka shirya shi na gaggawa, domin masu tantancewa likitoci ne su ma, kuma ƙarya ɗaya tana rusa duk sauran hujjojin.

Wasiƙar ƙorafi ba ta buƙatar dogon turanci ko lauya. Shafi ɗaya ya isa, a rubuta sunan mai kati da lambarsa, sunan asibiti da na kamfani, ranar kwanciya da ranar aiki, dalilin da aka bayar na ƙin biya, da abin da ake nema a fili, wato a biya asibiti ko a mayar da kuɗin da aka karɓa. A miƙa kwafin takardu a riƙe na asali, a kuma tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a koma da shi gida. Idan kamfani ya yi shiru ko amsarsa ba ta gamsar ba, sai a kai wa ofishin NHIA na jiha, wanda ke da ikon kiran ɓangarorin biyu, da umartar a mayar da kuɗi, da hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi su lura cewa nasu tsarin yana hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, kuma kowace tana da nata jerin ayyukan da take biya, don haka can za su dosa. Bayan waɗannan akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a. Ma'aikaci kada ya manta da jami'in inshora na ma'aikatarsa da ƙungiyarsa ta ƙwadago, domin kamfani yana saurin amsa wasiƙar da ta fito daga inda yake da ɗaruruwan masu kati.

Wani lokaci dole takan sa a biya, musamman idan an ƙi sallamar mara lafiya kuma kuɗin gado yana ƙaruwa kullum. Wanda ya samu kansa a haka ya biya a ofishin kuɗi ko asusun asibitin, kada ya tura wa wani ma'aikaci a asusunsa na kansa komai kirkinsa, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan mara lafiya da abin da aka biya, sannan a ranar ya rubuta wa asibiti da kamfani cewa shi mai inshora ne, ya biya ne bisa tilas, kuma yana neman a mayar masa. Maganin da aka ce babu shi aka tura mutum ya saya a waje, shi ma a ajiye takardar likita da rasit ɗin kantin magani. Ni a ganina wannan al'ada ta "babu, je ka saya" ita ce ƙin biyan da ya fi yawa, kodayake ba a kiranta da wannan suna, kuma mutane ba sa kai ƙararta saboda suna ganin kuɗin kaɗan-kaɗan ne.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, abin da ya fi damuna shi ne wanda ya yi fushi da asibiti saboda rigimar kuɗi ya daina zuwa wankin ciwo, ko ya ɗauke mara lafiya da dare kafin likita ya sallame shi. Ƙorafin inshora yana iya ɗaukar makonni, ciwon tiyata kuwa ba ya jiran a gama shari'a. Idan wurin ɗinki ya kumbura, ko ya fara fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya taso, ko ciki ya kumbura ana amai, ko mai jego ta ga jini ya yawaita, a dawo asibiti a ranar, ko da lissafin farko yana nan ba a warware shi ba. Wanda kuma aka sa wa ranar aiki nan gaba, ya biyo ta teburin inshora kwana biyu ko uku kafin ya kwanta, ya ga sunansa a rajista da idonsa, ya tambayi abin da zai biya daga aljihunsa, ya kuma kwafi lambar izinin a bayan katinsa na asibiti.