Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022: ba mai riƙe da bindiga kaɗai take nema ba

Mu nan Jos ba sai an zauna an karantar da mu mene ne ta'addanci ba. Mun ga bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010, mun ga na kasuwar Taminus ranar 20 ga Mayu 2014 da ya ci rayuka sama da 100, sannan ga harin masallacin 'Yantaya cikin azumin 2015 ana tsaka da tafsirin Sheikh Sani Yahaya Jingir. Abin da da yawanmu ba mu sani ba ita ce dokar da ake kama mutum da ita, kuma wallahi rashin sanin nan yana iya jefa bawan Allah cikin masifar da bai taɓa zato ba.

An fara yin dokar a 2011 zamanin Jonathan, shekarar da aka kai hari hedikwatar 'yan sanda da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, aka yi mata kwaskwarima a 2013, sai Buhari ya sa hannu kan sabuwa a Mayun 2022 wadda ta shafe tsohuwar. Ita ke aiki yanzu, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron shari'o'inta.

Shi wanda ya dasa bam ko ya yi garkuwa da mutane har aka rasa rai, nashi a fili yake, hukuncin kisa ne. Inda nake so mu tsaya shi ne wajen da dokar ta zagayo kan mutanen gari, wato laifin tallafawa. Tallafi a wajenta ba kuɗi kawai ba ne. Kai wa 'yan ta'adda abinci ko fetur ko magani, ɗaukarsu a mota ko mashin, nema musu takardun bogi, ba su labarin inda jami'an tsaro suke, ba su masauki, halartar taronsu, zuga mutane su shiga cikinsu ko da ta intanet ne, duk suna ciki, kuma ɗauri ne da ke farawa daga shekara 20. Zama ɗan ƙungiyar da aka haramta ma haka, ko da mutum bai taɓa harbin kowa ba.

To amma akwai sharaɗi babba, shi ne sani. Dokar tana maganar wanda ya aikata da saninsa. Mai shagon da baƙo ya shigo ya sayi burodi ya wuce bai yi laifi ba. Amma ɗauki ɗan acaɓan da kullum bayan isha'i ake ba shi jarkoki huɗu na fetur da buhun burodi da katin waya, a ce ya kai bakin daji ya ajiye gindin wata bishiya ya juyo, ana biyansa ninki biyar na kuɗin hanya, kuma an gargaɗe shi kar ya faɗa wa kowa, wannan in ya tsaya gaban alƙali ya ce ban sani ba zai sha wuya kafin a yarda, don kotu ba ta jiran sai ka furta da bakinka, daga yadda abin ya gudana take gane sani. Haka mai POS da ake ta turo wa maƙudan kuɗi daga asusun da bai sani ba ana karɓa tsaba ba a ko ƙirgawa, haka mai gidan haya da ya ga abin da ya gani ya ce ba ruwana tunda suna biya.

Wannan ba ruwana ɗin ma laifi ne mai zaman kansa. Wanda ke da labarin da zai taimaka a hana hari ko a kama mai laifi ya ɓoye, dokar ta hau kansa. Kabiru Sokoto da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a Disambar 2013, cikin abin da aka same shi da shi har da cewa yana da masaniya kan harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011 bai sanar ba. Na san abin da mutane za su ce, kuma suna da gaskiya: a ƙauyukan da 'yan bindiga ke mulki, wanda ya kai rahoto da safe yana iya rasa ransa kafin dare. Doka ta ɗora wa talaka nauyin faɗa, to hukuma ma sai ta ɗauki nata nauyin na rufa masa asiri da kare shi, in ba haka ba an haɗa shi da wuta biyu.

Sai batun yadda ƙungiya ke zama haramtacciya. Ba surutun rediyo ko na Facebook ke mayar da ita haka ba. Babban Lauyan Tarayya ne ke zuwa gaban alƙali da amincewar shugaban ƙasa, in kotu ta ba da umarni sai a buga a jaridar gwamnati. Boko Haram da Ansaru an haramta su a 2013, ƙungiyar IPOB ta masu fafutukar kafa Biyafara a 2017, Harkar Musulunci ta Sheikh Zakzaky a 2019, ƙungiyoyin 'yan bindiga a Nuwamban 2021, Lakurawa kuma a Janairun 2025. Abin da ke damuna a nan, ana yin zaman ne ba tare da ɗaya ɓangaren yana kotu ba, sai daga baya ya zo ya ƙalubalanta in zai iya. Ga masu yanka mutane a daji babu mai musu, amma ƙofa ce da duk gwamnatin da ta zo za ta iya bi ta kan wanda ba ta so.

Kuma a lura, dokar ba ta haramta aƙida ko ɗariƙa ko mazhaba ba. Garin nan aka kafa Izala a 1978, ga 'yan Tijjaniyya da Ƙadiriyya tun kafin nan, an yi ta muƙabala da raddi shekara da shekaru, duk wannan ba shi ne ta'addanci ba. Gemu ko ɗage wando ko niƙabi ba hujja ba ce a kotu. Malamai ma suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗa, an kashe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a Kano a 2007 yana limancin asuba, aka kashe Sheikh Albani Zariya a 2014, dukkansu sun yi wa fahimtar 'yan Boko Haram raddi a fili. Zanga-zanga da yajin aiki su ma dokar ta fitar da su daga ma'anar ta'addanci, matuƙar ba a yi su da nufin cutar da rayuka ba.

Inda aka fi jin jiki shi ne tsarewa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wannan doka ta ba jami'ai damar neman izinin kotu su riƙe mutum kwana 60 suna bincike, kuma ana iya sabuntawa. An yi amfani da wannan sashe kan wasu da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 a Abuja. Ga kuma waɗanda aka tara a barikin Wawa kusa da Kainji bisa zargin alaƙa da Boko Haram, da aka fara yi wa shari'a a 2017, aka sallami ɗaruruwa saboda babu hujja a kansu bayan sun shafe shekaru a tsare. Don haka in aka ɗauke ɗan'uwanka, kar a tsaya bin ƙafa wajen manya kawai, a nemi lauya tun ranar farko, ya tambayi wace hukuma ke riƙe da shi, akwai umarnin kotu ko babu, kuma yaushe wa'adinsa zai cika.

Ku kuma matasa masu tura duk bidiyon da ya faɗo waya zuwa guruf na WhatsApp, ku bi a hankali da na farfagandar waɗannan mutane, musamman mai kiran a shigo cikinsu ko a tara musu gudummawa. In ya zo maka kar ka tura gaba, in kuma ka san wanda ke yaɗa shi da gangan a unguwa, ka sanar da mai unguwa ko jami'in da ka amince da shi.