Homon da Yadda Yake Tafiyar da Ayyukan Jikin Ɗan Adam

Homon sinadari ne da wata gaɓa ta jiki take sarrafawa ta zuba shi cikin jini, jinin kuma ya ɗauke shi zuwa wata gaɓar da ke nesa, inda zai sa ta fara wani aiki, ko ta ƙara himma, ko ta dakata. Gaɓɓan da ke sarrafa shi ana kiran su gilandi, kuma sun sha bamban da masu fitar da yawu ko gumi ko hawaye, domin su ba su da bututun da ke kai abin da suka haɗa waje, kai tsaye suke tsiyaya shi cikin jini. An gano ire-iren homon fiye da 50 a jikin mutum. Girma da balaga, yawan sukari da gishiri da ruwa a cikin jini, barci da farkawa, haila, ɗaukar ciki, naƙuda da shayarwa, duk suna ƙarƙashin kulawarsu.

Hanyoyi biyu jiki yake aika saƙo. Ta farko ita ce ta jijiyoyi, wadda take da saurin ƙiftawa da bismilla, kuma wuri ɗaya tak take nufa. Ta biyu ita ce ta homon, wadda ta fi kama da shelar sanƙira a tsakiyar gari: kowa ya ji, amma wanda abin ya shafa kaɗai ke tashi. Jini yana kai homon ko'ina, sai dai ƙwayoyin halittar da ke da makarɓarsa ne kawai suke amsawa, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kowane kwaɗo sai nasa. Wasu, irin su insulin mai daidaita sukarin jini, a wajen ƙwayar halitta suke tsayawa su isar da saƙo. Wasu kuma, irin su kotizol mai taimakon jiki jure wahala, da testosteron da istirojin masu kula da balagar maza da mata, waɗanda jiki ke haɗawa daga wani nau'in maiƙo mai suna kolestarol, suna ratsawa ciki har su kai ga ƙwayoyin gado su canja irin furotin ɗin da ake ƙerawa, shi ya sa aikinsu ke da jinkiri amma yake daɗewa.

Yadda aka gano shi

Makiyaya sun san tasirin homon tun kafin ya sami suna. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san cewa idan aka dandaƙe bunsuru ya zama taure, warinsa yana raguwa, ya daina bin awaki, ya yi ƙiba. Abin da ba a sani ba shi ne ta wace hanya maraina suke iko da sauran jiki. A shekarar 1849, Arnold Berthold na birnin Gottingen a Jamus ya cire marainan wasu 'yan zakaru, sai zankonsu ya ƙi girma, suka bar cara da faɗa. Da ya dasa wa wasunsu maraina a cikin ciki, inda babu jijiyar asali da ta haɗa su da jiki, sai suka girma zakaru sosai. Daga nan ya fahimci cewa ta jini saƙon yake bi.

A 1902, William Bayliss da Ernest Starling a Landan suka yanke jijiyoyin wani sashe na ƙaramin hanjin kare, suka zuba masa ruwa mai tsami irin na tumbi, amma duk da haka fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ta fitar da ruwan narkar da abinci. Sinadarin da ya kai wannan saƙo suka kira sekiritin. A 1905 Starling ya fito da kalmar homon a bainar masana, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa.

Ma'aunin da jiki ke yi wa kansa

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani yanki mai suna haifotalamus, wanda ke auna zafin jiki da kaurin jini da yawan homon da ke yawo. A ƙarƙashinsa gilandin fituwitari yake rataye, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa kusan rabin giram. Duk da ƙanƙantarsa, shi ke fitar da homon na girma, da mai sa nono ya kawo ruwa, da waɗanda ke ba gilandin wuya da na saman ƙoda da maraina da ma'ajiyar ƙwan mace umarnin aiki.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan tsari shi ne yadda yake taka wa kansa birki. Misali mafi bayyana shi ne gilandin tayirod da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Fituwitari yana aika masa homon mai zaburarwa, shi kuma ya haɗa tairoksin, wanda ke ƙayyade saurin da jiki yake ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi. Idan tairoksin ya wadata a jini, fituwitari yana ji, sai ya rage umarni. Idan ya yi ƙasa, sai ya ƙara. Amma tairoksin ba ya haɗuwa sai da sinadarin aidin, wanda baligi ke buƙatar maikirogiram 150 nasa a rana, mai juna biyu kuwa 250. Inda ƙasa da ruwa suka rasa aidin, tairoksin ba ya isa, fituwitari kuma ba ya fasa aika umarni, gilandin ya yi ta kumbura don neman cika aikin da ba shi da kayan yinsa. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Rogon da ba a jiƙa ko aka sarrafa da kyau ba yana ƙara tsananta shi, haka ma an ga alaƙarsa da dogaro da gero kaɗai a yammacin Sudan, inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Kumburin wuya shi ne abin da ido ke gani, amma babbar asarar tana ga jarirai, domin ƙarancin tairoksin a ciki da farkon rayuwa yana tauye girman ƙwaƙwalwa, tauyewar da ba ta gyaruwa daga baya. Wannan ne dalilin da ya sa Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun farkon shekarun 1990, kuma da wuya a sami matakin kiwon lafiya mai araha da ya kai shi amfani.

Sukari da ruwa

Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kimanin cikin ƙaramin cokalin shayi. Malmalar tuwo ɗaya kuwa tana ɗauke da ninkin wannan sau da yawa. Da zarar abinci ya narke sukari ya fara shiga jini, wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta a cikin fankiriyas, waɗanda Paul Langerhans ya fara bayyanawa a 1869, sai su saki insulin. Shi ke sa tsoka da kitse su janye sukarin, hanta kuma ta adana shi. Idan aka daɗe ba a ci ba, kamar mai azumi da la'asar, insulin yana ja baya, wani homon mai suna gulukagon ya fito daga tsibiran nan ya sa hanta ta buɗe rumbunta, ta kuma haɗa sabon sukari daga wasu kayan. Da haka ma'aunin mai lafiya da bai karya kumallo ba yake tsayawa tsakanin miligiram 70 da 100 a kowace desilita ta jini.

Ciwon sukari shi ne rushewar wannan ma'auni, ko dai saboda jiki ya daina haɗa insulin, ko don gaɓɓai sun daina jin kiransa. Kafin 1921, yaron da ya kamu da nau'in farko, wato wanda jiki ke daina haɗa insulin, ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekara Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, James Collip ya tace shi, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a watan Janairun 1922, ya farfaɗo. Banting da John Macleod, shugaban ɗakin gwajin da aka yi aikin, sun karɓi kyautar Nobel a 1923.

Ruwa ma haka yake. Ƙoda tana tace kusan lita 180 a rana, amma lita ɗaya da rabi kacal take fitarwa a matsayin fitsari. A tsakiyar bazara, idan gumi ya yi yawa jini ya fara kauri, fituwitari yana sakin basofiresin, wanda ke sa ƙoda ta mai da ruwa cikin jiki, shi ya sa fitsari yake raguwa ya yi ja, ƙishirwa kuma ta taso.

Razana da wahala

A saman kowace ƙoda akwai gilandin adirinal. Manomin da ya ɗaga damin dawa ya ga kububuwa a ƙarƙashi, kafin ya gama tunani zuciyarsa ta fara dukan uku-uku, numfashinsa ya buɗe, bakinsa ya bushe, jini ya bar hanji ya koma tsoka, hanta ta zubo sukari. Aikin adirinalin ke nan, kuma jijiya ce take ba da umarnin sakinsa, wanda ke nuna cewa hanyoyin saƙon nan biyu hannu da hannu suke tafiya. Ɓawon gilandin kuma yana haɗa kotizol, mai taimakon jiki jure yunwa da rauni da ciwo, wanda ke kai ƙololuwa da sassafe ya sauka da dare.

A nan akwai haɗarin da ya kamata a sani. Magunguna irin su deksametazon, da wasu ke sha don neman ƙiba, da wasu mayukan bilicin, suna ɗauke da dangin kotizol masu ƙarfi. Idan aka daɗe ana amfani da su, fituwitari yana ɗauka kotizol ya wadata, sai ya daina umarni, gilandin adirinal ya yi sanyi ya motse. Ƙibar da ake samu ta kumburin fuska da ciki ce, tare da hawan jini, hawan sukari, raunin ƙashi da saurin kamuwa da cuta. Wanda ya daina sha farat ɗaya kuwa yana iya faɗuwa rai a hannun Allah, domin jikinsa ba shi da nasa kotizol. Saboda haka likitoci suke rage irin wannan magani sannu a hankali.

Naƙuda da shayarwa

Yawancin homon birki suke takawa, amma oksitosin a lokacin naƙuda akasin haka yake yi. Kan jariri yana danna bakin mahaifa, saƙo ya je ƙwaƙwalwa, fituwitari ya saki oksitosin, mahaifa ta matse, matsewar ta ƙara danna kan jaririn, a ƙara sakin wani. Haka abin zai yi ta hauhawa, ba ya tsayawa sai an haihu. Bayan haihuwa, tsotson jariri yana sa a saki furolaktin mai haɗa ruwan nono da oksitosin mai tunkuɗo shi, don haka yawan ba da mama shi ke ƙara ruwansa, kuma uwar da ta sa jaririnta a nono da wuri tana taimakon mahaifarta ta koma. Vincent du Vigneaud ya haɗa oksitosin a ɗakin gwaji a 1953, kuma a yau allurarsa ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da shawarar yi wa mai jego nan take don hana zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa. Sai dai zafi yana rage masa ƙarfi, ana so a ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 da 8, sharaɗin da ke da wuyar cikawa a ƙananan asibitocin karkara na ƙasashe masu zafi inda wutar lantarki ba ta tsayawa.