Shin ta'addanci sabon abu ne?

An daɗe ana cewa ta'addanci abin zamani ne, magabata ba su san shi ba. Tarihi bai nuna haka ba.

Tun ƙarni na farko miladiyya, a Kudus, akwai masu ɓoye wuƙa cikin riga, su soki mutum a cunkoson biki, su saje da jama'a. A 1881 bam ya kashe sarkin Rasha. A 1920 bam ya tashi cikin keken doki a New York, ya hallaka fiye da mutum 30. Manufar ba ta sauya ba: a kashe kaɗan, a firgita dubbai. Makamai da saurin yaɗuwar labari ne suka sauya.

Mai son tabbatarwa ya duba waɗannan shekaru a littattafan tarihi ko tsofaffin jaridu. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.