Gwiwa ba ta san ana fainal ba

Ranar wata Talata wani yaro ya shigo mana ɗakin gashin ƙashi yana ɗingishi, ba zai wuce shekara 19 ba, abokinsa na tallafe da shi, gwiwar dama ta kumbura suntum. Na ce ɗan samari me ya same ka, ya ce wallahi likita ba wanda ya taɓa ni, juyawa kawai na yi zan yanke mutum sai na ji ƙas a ciki, ƙafar ta tafi ta bar ni. Na kwantar da shi na riƙe cinyar da hannu ɗaya na ɗan jawo ƙaurin gaba, sai na ji yana biyo ni ba birki. Kafin in buɗe baki ya riga ni, wai ranar Lahadi muke da fainal likita, ba wata allura da za a min in buga?

Wannan tambayar na ji ta ban san iyaka ba, shi ya sa yau zan ba ku labarin wasu 'yan wasa a Amurka. Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce, ita ce wadda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa, bal ɗin mai tsini biyu kamar gwanda, a rungume ta a sheƙa da gudu ƙarti su tare mutum su maka shi da ƙasa. NFL sunan gasar. Kuɗi kam ba a magana, likitoci na tsaye a bakin fili da kayan aikinsu, amma duk da haka akwai waɗanda aka ce za su zama gwarzayen zamani suka ƙare a labarin da ma da ma.

Ɗauki Robert Griffin, wanda suke kira RG3. A 2011 shi ya ci kyautar Heisman, wato gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka, yana jami'ar Baylor. A 2012 kulob ɗin Washington suka ba da damarsu ta zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'a har ta shekara uku don kawai su same shi. Kwatabak ne, wato mai jefa bal, shi ne ƙwaƙwalwar tim, ga shi kuma da gudu kamar barewa don da ma ɗan tseren tsallake shinge ne. Shekararsa ta farko ya rikita kowa, shi aka ba kyautar sabon ɗan wasan gaba da ya fi kowa. Ranar 9 ga Disamba 2012 suna wasa da Baltimore wani ƙato mai suna Haloti Ngata ya daki gwiwarsa ta dama, jijiyar gefen waje ta yi targaɗe. Wasa ɗaya tak ya huta ya dawo da ƙarfe ɗaure a gwiwa. Ranar 6 ga Janairu 2013 aka zo wasan sili ɗaya ƙwale da Seattle, tun farkon wasa ya sake fama ciwon, duk wanda ke kallo ya ga yaron nan ɗingishi yake, amma shi ya ce zai iya, koci Mike Shanahan kuma ya bar shi a fili. Can wajen ƙarshe aka miƙo masa bal ta zo ƙasa-ƙasa, ya sunkuya zai ɗauka, ba wanda ya taɓa shi, gwiwar ta lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasawa. Suna gaba da 14 da nema aka ƙare an ci su 24 da 14, wato wasan ma bai samu ba. Kwana uku bayan nan aka yi masa aiki a jijiya biyu, ta gefen da kuma ta tsakiyar gwiwa wadda muke kira ACL, da ma ita ya taɓa tsinka ta a 2009. Shekararsa 22 a lokacin. Wata takwas ya dawo fili, amma wannan gudun da ke firgita mutane bai dawo daidai ba, a 2014 idon sawunsa ya goce, 2015 ko wasa ɗaya bai buga ba, ƙarshe a benci ya ƙare a Baltimore yana jiran wani ya ji ciwo a sa shi.

Ni a ganina laifin manya ne ya fi yawa a nan. Yaro ɗan shekara 22 ka tambaye shi za ka iya, me kake so ya ce a gaban jama'a? Ai ko ƙafar ce a hannunsa zai ce zan iya. Kocinmu na unguwa ku ji da kyau, cire yaro aikinku ne, ba sai ya roƙa ba.

Na Greg Cook ma ya fi ba ni tausayi, kuma shi ne amsar masu neman allura. A 1969 kulob ɗin Cincinnati Bengals suka ɗauke shi, dogo, hannu kamar majajjawa, suka ci wasa uku na farko a jere. A wasa na uku da Kansas City aka kayar da shi a kan kafaɗar dama, wadda yake jifa da ita, jijiyoyin da ke riƙe da kan kafaɗa suka yage. Lokacin babu na'urar MRI mai ɗaukar hoton jijiya, ba a gane abin da ya faru ba, ya huta wasa uku ya dawo ana yi masa allurar kotizon yana ta jifa da ciwo a jiki. Abin mamaki da wannan yagaggiyar kafaɗar ya fi duk masu jifa na gasar AFL, kishiyar NFL a lokacin, a shekarar, ka ga da lafiyarsa ƙalau fa? Sizin na ƙarewa aka buɗe kafaɗar aka tarar ta lalace, aka yi aiki aka sake aka kuma, shekara uku bai taka fili ba, a 1973 ya dawo wasa ɗaya ya yi jifa uku shi ke nan an gama. Bill Walsh da ya koyar da shi a lokacin, wanda daga baya ya ci kofin Super Bowl, wato fainal ɗin NFL, sau uku da San Francisco, ya sha faɗin cewa da yaron nan ya zauna lafiya da yana cikin waɗanda ba a taɓa yin kamarsu ba. Ya rasu a 2012.

To ku gane, kotizon kumburi yake saukarwa, ba ya ɗinke abin da ya yage, in aka yawaita shi ma raunana jijiya yake. Haka tiramol ɗin da wasunku ke watsawa kafin a take wasa, ciwon yana nan daram, kunnenka kawai aka toshe kada ka ji jiki na kiranka, kai kuma kana ta ƙara yaga. Ban da jarabar da yake sawa da jijjiga irin ta farfaɗiya da yake jawowa, tun Janairun 2024 ma hukumar yaƙi da shan ƙwayar ƙara kuzari ta duniya WADA ta haramta shi a lokacin gasa. Diclofenac ɗin da ake sha kamar gyaɗa shi kuma ciki da ƙoda yake ci.

Sai Bo Jackson, shi nasa daban ne don ba gaggawar dawowa ce ta kayar da shi ba, amma akwai abin da nake so ku sani a ciki. Mutum ne da ya haɗa wasa biyu a matakin ƙoli, yana buga besbol, wasan da ake dukan ƙaramin bal da sanda, a Kansas City Royals yana kuma buga wannan ƙwallon a Los Angeles Raiders, kuma duka biyun an zaɓe shi cikin taurarin shekara. Ranar 13 ga Janairu 1991 yana gudu da bal wani ɗan Cincinnati ya kamo ƙafarsa ta baya, faɗuwar da in ka gani ba za ka ce wani abu ba ce, ashe kwankwasonsa na hagu ne ya goce. Kan ƙashin cinya, wannan ƙwallon da ke zaune cikin kwankwaso, 'yan siraran hanyoyin jini ne ke ciyar da shi, in ya goce sukan tsinke ko su matse, ƙashin ya rasa jini ya fara mutuwa a hankali yana rububbushewa. Haka ta faru da shi. Yana da shekara 28, wasa 38 kacal ya buga a NFL, bai sake ba. A 1992 aka sa masa kwankwason roba da ƙarfe, ya lallaɓa ya koma besbol na ɗan lokaci ya ajiye bayan 1994.

Wannan kam ya shafe mu kai tsaye, don gocewar kwankwaso mun fi ganinta a hatsarin mota da babur. Ana so a mayar da shi cikin awa shida a asibiti, da hoto da maganin barci, duk awar da aka ƙara haɗarin mutuwar ƙashin ƙaruwa yake. Ban raina maɗora ba, wasu iyayenmu ne kuma sun gaji abin, amma kwankwaso ba wurin ja da murɗa ba ne, sau nawa ake kawo mana mutum bayan wata uku ƙafa ta gajarce. Masu sikila su ma wannan mutuwar kan ƙashin tana samunsu ko ba su faɗi ba, saboda jinin ne ke toshe hanyar, don haka mai sikila da ya fara jin ciwo a matsematsi yana ɗingishi kada a ce sanyi ne a yi ta shafa man zafi, a je a yi hoto.

Na buguwar kai kuma a gurguje. A Satumbar 2022 Tua Tagovailoa na Miami ya bugu a kai ya tashi yana tangaɗi aka mayar da shi wasa, kwana huɗu bayan nan ya sake buguwa aka ga yatsunsa sun sandare a gaban fuskarsa aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, sai da NFL ta gyara dokarta a kan haka. Duk wanda ya yi karo da kai ya ga jiri, ko ya rikice, ko ya yi amai, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke, ba zancen a zuba masa fiya wata a ka ya koma.

In ka ji ƙara a gwiwa, ta kumbura cikin 'yan awoyi, ko tana zillewa in ka taka, ka fita daga fili. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar kan filo. Kwana biyu zuwa uku na farko ba ruwan zafi ba tausa, na san abin da aka saba ke nan a gida amma kumburin yake ƙarawa. Kuma hoton ƙashi na eksire ba ya nuna jijiya, don an ce maka ba karaya ba shi ne an ce lafiya kake ba, sai wanda ya san aikin ya gwada da hannu, in da hali a yi MRI, ko a tura ka asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Wanda aka yi wa aikin ACL kuwa yawanci wata tara zuwa shekara ake so ya yi yana motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi kafin ya koma gasa, sai ƙafar ta kamo 'yar uwarta a ƙarfi, ya iya tsalle da ita ita kaɗai ya dire ba ta girgiza ba.

Duk wannan na zauna na faɗa wa yaron nan, har labarin RG3 na ba shi, na rubuta masa takardar zuwa ganin likitan ƙashi, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu ya ce na gode likita. Bayan sati biyu abokin nasa ya kawo mahaifiyarsa gashin baya, na ce ina mutumina? Ya ce ai ya buga fainal ɗin, minti ashirin aka ɗauko shi a hannu, yanzu yana gida an kai shi wajen mai ɗori. Na sake rubuta wata takardar na ba shi na ce don Allah ka kai wa babansa hannu da hannu.