Wahalar makonnin farko da hanjin maraƙi: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa wahala da hanji?

Maraƙin da aka raba da uwarsa, ko aka yi doguwar tafiya da shi a mota, ko sanyi ya kama shi, ko aka ƙone masa tushen ƙaho, jikinsa yakan fitar da sinadarin kotisol. In abin ya daɗe, garkuwar jiki ta raunana, ya rage shan madara, fatar cikin hanji kuma ta saki. Wannan siririyar fata ita ce shinge tsakanin abin da ke cikin hanji da jini. Da ta saki, ƙwayoyin cuta sun samu hanya.

Me ya sa ake nanata maganar dakashi?

Saboda mabiyiyar saniya ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki. Daga dakashi kaɗai zai same su, kuma lokacin gajere ne: hanjinsa ya fi tsotse su a sa'o'in farko, bayan kamar awa 24 ya daina. Ana so ya sha kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa da wuri, wato lita 4 ga maraƙi mai kilo 40. A ganina babu sakacin da ya kai jinkirta wannan sha muni, domin ba ya ramuwa.

To zawo fa, wahala ce ke kawo shi?

Ƙwayoyin cuta ne, irin su rotabairos da E. coli, amma galabaitaccen maraƙi suka fi kayarwa. Abin da ke kashe shi yawanci ƙarewar ruwan jiki ne. A ba shi ruwan gishiri da sukari na dabbobi, kada a yanke masa madara, a kuma kira likitan dabbobi.

Yaushe ya kamata a yaye shi?

A duba cinsa, ba shekarunsa kawai ba. Ana haihuwar maraƙi tumbinsa bai fara aiki ba, abincin hatsi da ruwan sha ne ke gina shi sannu a hankali. Gonakin madara da yawa suna yaye a mako na 6 zuwa na 8, bayan ya kai cin kilo ɗaya ko fiye na abincin hatsi a yini, kwana uku a jere. A riƙa rage madarar kaɗan-kaɗan. Kada kuma a haɗa yaye da ƙona ƙaho da sauya garke a mako guda, a raba tsakaninsu hanjin ya samu sararin farfaɗowa.