Galaxy S24 Ultra: Me ke cikinta, kuma da wa take kokawa?

A kowace shekara kamfanin Samsung na ƙasar Koriya ta Kudu yana fitar da wayoyi iri-iri, daga masu araha zuwa masu tsadar gaske, amma akwai guda ɗaya da yake zuba duk ƙarfinsa a kanta don ta ɗaga sunansa. A 2024 Galaxy S24 Ultra ce ta riƙe wannan matsayi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Yaushe ta fito, kuma nawa aka sa mata?

An ƙaddamar da ita ranar 17 ga Janairun 2024 a birnin San Jose na jihar Kalifoniya a Amurka, ta shiga kasuwa a ƙarshen watan. Farashin mafi ƙanƙanta, mai rumbun ajiya 256GB, dala 1,299 ne, wato ƙarin dala 100 a kan na yayarta S23 Ultra. Babbar kishiyarta a lokacin, iPhone 15 Pro Max, dala 1,199 ce. Ke nan Samsung ya yi ƙarfin halin ɗora farashinsa sama da na Apple.

Me ya sa take zuwa da alƙalami?

Gado ta ci. Samsung ya fara jerin Galaxy S a 2010, sai a 2011 ya fito da wani reshe daban mai suna Galaxy Note, mai fuska inci 5.3 da alƙalamin rubutu da ake kira S Pen. A wancan zamani mutane da yawa sun yi mata dariya, suna cewa wa zai kara wannan faifai a kunne. Ba a jima ba kowane kamfani ya koma yin manyan wayoyi, har Apple da ya daɗe yana turjewa ya bi sahu a 2014.

Note ta gamu da babbar masifa a 2016, lokacin da batirin Note 7 ya riƙa kamawa da wuta. Aka haramta shiga jirgin sama da ita a ƙasashe da dama, kamfanin ya janye ta daga kasuwa, ya daina ƙera ta gaba ɗaya a watan Oktoban shekarar. Jerin ya farfaɗo ya ci gaba har zuwa Note 20 a 2020, daga nan aka rufe shi. A 2022 aka ɗauki alƙalamin da raminsa da siffar nan mai kusurwa huɗu aka zuba wa S22 Ultra. Saboda haka duk mai riƙe da S24 Ultra, jikar Note ce a hannunsa.

Me ke cikinta da ya bambanta ta da sauran wayoyi?

Fuskarta inci 6.8 ce, a miƙe take, an daina lanƙwasa gefenta kamar yadda aka saba. Ƙwaƙwalwarta Snapdragon 8 Gen 3 ce ta kamfanin Qualcomm, da RAM 12GB, rumbun ajiya kuma daga 256GB zuwa 1TB, babu wurin sa memori. Batirinta 5,000mAh, tana karɓar caji mai ƙarfin wat 45, kuma babu kan caja a cikin kwalin, sai mutum ya saya daban. Tana jure ƙura da faɗawa ruwa na ɗan lokaci.

An yi ta tallata cewa gefenta na ƙarfen titaniyom ne. Wannan bai burge ni ba. Apple ya riga Samsung amfani da shi da watanni huɗu, kuma a wurinsa ya yi amfani, domin ya baro ƙarfe mai nauyi ne, sai wayarsa ta sauko daga giram 240 zuwa 221. Samsung kuwa daga alminiyam ya taso, wanda dama ba shi da nauyi, don haka wayarsa ta tsaya a wajen giram 232, kusan yadda ta baya take.

Abin da ya cancanci yabo na gaske shi ne gilashin fuskar. Kamfanin Corning ne ya yi shi, sunansa Gorilla Armor, kuma ya ce yana rage ƙyallin haske da kashi 75 cikin 100. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakar ranar Sakkwato ko Damagaram yana kare waya da tafin hannu don ya karanta saƙo ya san darajar wannan. A wayoyi da yawa fuskarka kake gani maimakon rubutun. A wannan, rubutun ne ke fitowa. Ba a yi masa talla kamar sauran abubuwan ba, alhali shi ne abin da mai wayar zai mora a duk lokacin da ya ɗaga ta.

An ce kyamararta ta ja baya. Gaskiya ne?

Kyamarori huɗu ne a bayanta: babbar mai megafiksel 200, mai ɗaukar fili mai faɗi 12, mai janyo abu ninki uku 10, sai mai janyo abu ninki biyar 50. Ƙorafin ya taso ne daga ta ƙarshen, domin S23 Ultra tana da mai janyowa ninki goma. Mutane suka ga an sauko daga goma zuwa biyar, suka ce an rage musu.

Hujjar Samsung ita ce tsohuwar megafiksel 10 kawai gare ta, sabuwar kuwa 50, don haka za a iya yanko tsakiyar hoton a samu ninki goma ba tare da ya dushe sosai ba. Kuma mafi yawan hotunan da mutane ke ɗauka, na biki ne ko na yara ko na kaya don talla, ba su wuce ninki uku zuwa biyar ba. A ganina canjin ya dace da yadda ake amfani da waya a zahiri. Sai dai mai son ɗauko abu daga can nesa sosai yana da dalilin kewar tsohuwar.

Game da janyowa ninki 100 da ake nunawa a talla, a yi hattara. A Maris na 2023 wani mai amfani da dandalin Reddit ya dusar da hoton wata da gangan, ya sa shi a fuskar kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa, sai ga hoton ya fito da ramuka da zane-zanen da babu su a abin da ya ɗauka. Kamfanin ya yi bayani cewa manhajar kyamarar tana gane wata, ta kuma ƙara masa kyau da abin da aka koya mata. Wato a irin wannan nisa, wani ɓangare na hoton aikin manhaja ne.

Ina batun ƙirƙirarriyar basira da aka cika kunnuwan mutane da shi?

Shi ne jigon tallar wayar, da sunan Galaxy AI. Akwai zagaye abu da yatsa a kan fuskar waya don Google ya nemo maka bayaninsa. Akwai fassara kai tsaye yayin kiran waya, kai kana magana da harshenka, na ɗaya ɓangaren yana ji da nasa. Akwai taƙaita dogon rubutu, da goge mutum ko wani abu daga hoto a cike gurbinsa. Da yawa daga cikin waɗannan a kan fasahar Gemini ta Google aka gina su, wasu kuma ba sa aiki sai da intanet.

Fassarar kiran wayar ta fara da harsuna 13, ciki har da Ingilishi da Faransanci da Sinanci da Hindi. Larabci ya shigo bayan 'yan watanni. Hausa ba ta cikin jerin, babu kuma ko harshe ɗaya na Afirka ta Yamma. Wannan abu yana ci mini rai, domin ɗan kasuwar Kwari ko Sabon Gari da ke waya da masu kaya a Guangzhou shi ne ainihin wanda aka yi wannan fasaha dominsa, amma sai ya bi ta Turanci kafin ya amfana. Kuma ba abu ne da ya gagara ba, tunda Google Translate ya sa Hausa tun 2013.

Wani abin lura: ba a daɗe ba Samsung ya tura yawancin waɗannan abubuwa zuwa tsofaffin wayoyinsa irin su S23. Wanda ya sayi S24 Ultra saboda su kaɗai ya biya kuɗin abin da maƙwabcinsa ya samu kyauta.

Me ya sa gasar da Apple ta yi zafi haka a 2024?

Saboda kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaddamar da wayar, kamfanin IDC mai ƙididdigar kasuwa ya sanar cewa a 2023 Apple ya fitar da wayoyi miliyan 234.6, Samsung kuma miliyan 226.6. Rabon da wani kamfani ya sha gaban Samsung a wannan jeri tun 2010. Abin da ya ƙara wa ciwon zafi shi ne Apple ba ya yin waya mai araha, duk nasa masu tsada ne, kuma a masu tsadar ribar take. Samsung yana sayar da miliyoyin wayoyinsa masu araha na jerin Galaxy A, amma abin da ke shiga aljihu daga kowace ɗaya kaɗan ne.

Don haka ya nemi inda zai riga Apple, ya samu a ƙirƙirarriyar basira. Apple bai sanar da tasa ba sai Yunin 2024, ba ta kuma fara isa hannun mutane ba sai Oktoba. A watanni uku na farkon 2024 Samsung ya karɓe matsayin farko.

Gabar tasu tsohuwa ce. A 2011 Apple ya maka Samsung a kotu bisa zargin kwaikwayon siffar iPhone, a 2012 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya shi sama da dala biliyan ɗaya. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, sai a 2018 suka sasanta. A San Jose aka yi wannan shari'a, garin da Samsung ya zaɓa don ƙaddamar da S24, 'yan kilomita daga hedikwatar Apple da ke Cupertino. Duk da haka suna ciniki da juna: tun daga iPhone X a 2017, reshen Samsung mai ƙera fuskar waya yana cikin manyan masu sayar wa Apple fuskar da yake sa wa iPhone.

Apple kaɗai ne abokin hamayya?

A'a. Kamfanonin China suna matsa mata lamba ta inda take da rauni. Xiaomi 14 Ultra, wadda aka yi kyamararta tare da Leica na Jamus, tana caji da wat 90, ninki biyu na Samsung. A cikin China kanta kason Samsung ya zama ɗan mitsitsi, Huawei kuma ya dawo da ƙarfi da Mate 60 Pro a Agustan 2023 duk da takunkumin Amurka. A Afirka kuwa Transsion ne sarki, mai Tecno da Infinix da itel, wanda ya shiga cikin manyan kamfanoni biyar na duniya a 2023, ko da yake a kasuwar masu sauƙin kuɗi yake cin karensa.

Mece ce ma'anar alƙawarin shekara bakwai?

Samsung ya yi alƙawarin sabunta manhajar Android da ta tsaron wayar har shekara bakwai, wato zuwa 2031. A baya sau huɗu yake sabunta Android, tsaro kuma shekara biyar. Google ne ya fara wannan alƙawari da Pixel 8 a Oktoban 2023, Samsung ya bi.

A wurina wannan ya fi duk abin da aka faɗa a taron ƙaddamarwar muhimmanci, musamman gare mu. Yawancin manyan wayoyi suna iso mana ne bayan wani ya yi shekara biyu ko uku da su a Turai ko Amurka. A da, irin wannan waya tana zuwa ne saura kaɗan a daina kula da ita, daga nan kofofin da 'yan damfara ke bi su zauna a buɗe, a wayar da mutum ke ajiye manhajar bankinsa. Wanda ya sayi S24 Ultra ta hannu a 2027 yana da sauran shekara huɗu na kariya. Batiri ne ba zai kai haka ba, balle a zafinmu, don haka a sa kuɗin canza shi cikin lissafi.

To, a saya ko a haƙura?

Lokacin da ta fito dala tana wajen naira 1,500, ke nan kuɗinta ya doshi naira miliyan 2 tun kafin ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kuɗin wayar ya kai albashin fiye da shekara biyu. Mai ɗaukar hoto da bidiyo don sana'a, ko mai yawan rubutu da sa hannu a takardu, zai iya fanshe kuɗinsa. Wanda WhatsApp da TikTok da kira ne aikinsa, waya mai kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi ta ishe shi.

Tun da S25 Ultra ta fito a Janairun 2025 farashin S24 Ultra ya sauka, kuma tana da abin da S25 Ultra ta rasa: alƙalaminta yana da Bluetooth, ana iya ɗaukar hoto da shi daga nesa. Mai niyyar sayen ta hannu a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ya kula da jabu, domin ana kwaikwayon siffarta sosai. Ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, ya danna *#0*# ya jarraba fuska da sauti, ya tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na Google da na Samsung. Ya kuma sa layinsa a ciki ya yi kira kafin ya biya, saboda waɗanda aka kawo daga Amurka layi ɗaya suke ɗauka a rami, wasunsu kuma a kulle suke da kamfanin sadarwar can.