Mil a kan titi, kilo a kanti: yadda dokar awo take a Birtaniya

Baƙon da ya kama sitiyari a Ingila, allon hanya ne zai fara ruɗa shi. In ya ga 70 a babban titi, mil ake nufi a awa guda, wajen kilomita 112 ke nan. Amma da ya shiga kanti sayen albasa, da kilo za a auna masa. Duka biyun kuwa doka ce ta tsara.

Dokar awo ta 1985 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta sun mayar da mita da kilo da lita ma'aunin ciniki. Tsohon awo aka bar masa 'yan gurabe kawai: mil da yadi da ƙafa da inci a allunan hanya, da faint, wato mililita 568, na giyar famfo da madarar da ake mayar da kwalbarta, sai kuma awon zinariya da azurfa. Abin dariyar ma, shi kansa yadin da mita ake ƙayyade shi. Tun 1959 aka tsayar da shi a mita 0.9144, mil kuma ya kama mita 1,609 da ɗoriya. Mu da muka gaji kalmomin, har gobe muna yankan shadda da yadi, muna sauka a Mil Tara a Kano, bai kamata mu yi mamakin taurin kansu ba.

Rigima ta tashi ne daga Janairun 2000, da aka ce kayan da ake aunawa a gaban mai saye, irin su nama da kayan lambu, sai da kilo. Steve Thoburn, mai sayar da kayan marmari a Sunderland, ya ci gaba da auna ayaba da laba. Aka kwashe sikelinsa, kotu ta same shi da laifi a 2001, ya ɗaukaka ƙara ya sake faɗuwa a 2002. Nan mutane da yawa ke kuskure: ba a hana rubuta laba ba. Ɗan kasuwa na iya sa ta kusa da kilo, muddin rubutunta bai fi na kilon fitowa ba, kuma sikelin ya nuna kilo.

Bayan ficewa daga Tarayyar Turai, gwamnati ta ji ta bakin jama'a ko a sake buɗe wa tsohon awo ƙofa. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu amsa suka zaɓi kilo da mita, sai ta janye maganar a Disambar 2023.